Shekara Huɗu da Katin Yayana

Salama a gare ku, 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku yabi Ubangiji!

Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, na gode da kuka ba ni wuri. An ce mini minti goma. Zan yi ƙoƙari, amma duk wanda ya san ni ya san bakina ba shi da birki.

Sunana Iliya Bako, mutumin wajen Gozaki. Bari in sake faɗa, Iliya Bako. Kada ku yi mamakin yadda nake maimaitawa. Na yi shekara huɗu cur ban amsa wannan suna a wurin aikina ba.

Yayana Dauda shi ne ya fara aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua. Ya yi shekaru yana lebura a can, har ƙurar kaɗa ta cika masa ƙirji, tari ya hana shi sakat. Ya ce zai koma gida ya riƙe gona. Ni kuma a lokacin ina zaune ba aikin fari ba na baƙi, ga Saratu matata, ga yara uku, ga hatsin da ba ya kai mu ko tsakiyar bazara.

Sai heluman wurin, wato shugaban leburori, ya kira Yaya Dauda gefe. Ya ce, "Kada ka bari a soke sunanka. Ba a ɗaukar sabbi yanzu. Ka ba ƙanenka katin ya ci gaba da amsawa. Na goro kawai zai riƙa ba ni ranar biya."

Haka ake yi a wurin, ba a kaina aka fara ba. Gadon kati muke ce masa. Wani da katin ubansa, wani da na maƙwabcinsa, akwai ma wanda yake amsa sunan mutumin da aka binne tuntuni. Kowace safiya heluma ya buɗe rajista ya kira, "Dauda Bako!" In ɗaga murya in ce, "Ga ni!" Ranar biya in dangwala babban yatsana na dama a tawada, in manna a gaban sunan yayana, in karɓi abin da aka ba ni, in cire na heluma.

'Yan'uwa, ni da ke rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa ran Lahadi, ni ne nake karya kumallo da ƙarya tun daga Litinin har Asabar. Kuma ko a jikina. Ina cewa ai neman abinci ne.

Takardar ɗaukar aiki kuwa, ko launinta ba mu taɓa gani ba. Babu hutu, babu kuɗin ƙarin lokaci, babu abin toshe hanci. Idan ka yi ciwo, ranar ta tafi. Idan ka yi magana, ƙofa a buɗe take, ga mutane a waje suna jira.

Akwai mutum ɗaya da ba ya yin shiru, Malam Lawal, ɗan Tsiga. Ya girme ni, tare muke tura kaɗa a bakin inji ɗaya. Musulmi ne mai natsuwa, ba ya faɗa, amma idan ya kafe a kan magana sai ka ce an dasa shi. An cire murfin da ke rufe bel ɗin injinmu don gyara, aka jingine shi a bango, ba a mayar ba, wai yana ɓata lokaci idan bel ya zame. Malam Lawal ya yi magana sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Ya fara tara mutane lokacin cin abinci a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, yana cewa mu haɗa baki mu nemi a mayar da murfi, a kuma ba kowa takarda da sunansa na gaskiya.

Da sunansa na gaskiya! Wannan ce ta tsorata ni. Na ce a raina, idan aka fara tonon sunaye, ni ne na farkon fita.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Ni na je na gaya wa heluma. Ni da bakina. Na ce, "Lawal ne ke zuga mutane." Ba a tilasta ni ba, ba a ma tambaye ni ba. Kafin sati ya zagayo aka sallame shi, mutum mai iyali takwas. Ni kuma aka ƙara mini aikin Asabar, na dawo gida da tsire a takarda ina taƙama. Har na yi masa dariya a bayan ido, na ce wanda bai iya zama da manya ba sai ya je ya kafa nasa kamfanin.

An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni fetur na shafa.

Wata biyar bayan haka, ranar wata Alhamis da hantsi, bel ya zame. Na kai hannu in gyara kamar yadda muka saba yi ba tare da an kashe inji ba. Abin da na ji kawai, an fizge ni. Ban ma ji zafi da farko ba. Na ɗago hannu na ga yatsu uku babu, ƙaramin da biyun da ke kusa da shi. Saura babban yatsa da manuni, ga tafin hannu a dagargaje. Wayyo Yesu! Kaɗar da ke gabana duk ta koma ja.

Heluma bai kai ni asibiti ba. Ya naɗe hannun da tsumma ya kai ni wani kemis a bayan tasha. Yana riƙe da kafaɗata yana raɗa mini, "Duk wanda ya tambaye ka, ka ce babur ne ya kayar da kai. Idan ka ambaci kamfani, kai za a fara kamawa. Ka san ba sunanka ba ne a littafi."

Na ce to. Ƙarya ta haifi 'yarta.

Kwana tara ina kwance a ɗaki. Hannu ya kumbura har gwiwa, ya fara wari. Yarana suka daina shigowa. Saratu ta sayar da akuyarta guda ɗaya tilo ta kai ni asibiti. Can ma da aka tambaye ni na ce babur ne. Likita ya buɗe ciwon, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan babur ɗin yana da haƙora." Sannan ya ce ruɓa tana hawa. Sai an yi tiyata a babban asibiti cikin sati ɗaya. Idan aka wuce haka, ba zancen yatsu ake yi ba, daga gwiwar hannu za a yanke. Ya faɗi abin da za a kashe. Ko da na sayar da gonar gadonmu da rufin ɗakina, ba za su kai ba.

Hannun dama, 'yan'uwa! Manomi kuma lebura, a cire masa hannun dama, me ya rage? Sai bara.

Ran Litinin na ja jiki na je kamfani. Na yi awa uku a bakin ƙofa kafin a bar ni in ga manaja. Yana zaune a ƙarƙashin fanka, ya toshe hanci da hankici. Ya ce, "Wane ne kai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Dauda Bako, na injin lamba biyu."

Ya juya wajen heluma. Heluma ya dubi ƙasa ya ce, "Yallaɓai, Dauda Bako na ƙauyensu, yatsunsa goma cif. Wannan ƙanensa ne."

Manaja ya rufe littafi a hankali. Ya ce, "To ka ji. Ba mu da ma'aikaci mai kamarka. Ba mu taɓa ɗaukar ka ba. Kai sojan gona ne, kuma an ce mini ma babur ne ya kayar da kai. Ka fita salin-alin, ko in kira 'yan sanda."

Shekara huɗu na gumi! Shekara huɗu ina shaƙar ƙurarsu, ga naman hannuna a cikin injinsu, wai ba su san ni ba! Na yi ihu, na yi zagi, zagin da ba zan iya maimaitawa a ɗakin Ubangiji ba. Masu gadi suka ɗauke ni cak suka ajiye a titi. Abokan aikina suna leƙowa ta taga, ba wanda ya ce uffan. Ina za su ce? Ni na koya musu abin da ake yi wa mai magana.

Kwana biyu suka tafi. Uku suka tafi. Saratu ta zaga dangi har Kafur, ta dawo da abin da bai wuce kuɗin allura ba. Zumuntar mata ta wannan ikilisiya ta kawo gudummawa, Allah ya saka muku, ita ce ta riƙe ni da magani. Amma tiyata tana can nesa kamar sama. Kullum da safe Saratu ta duba inda baƙin ya kai a hannuna, ta juya baya ta share ido, ta ce, "Baban Ladi, da sauƙi yau." Ni kuwa ina da ido.

Rana ta huɗu, Laraba ce, da tsakar rana. Saratu ta tafi kasuwa, yara suna makaranta. Na zauna a bakin gado ina kallon kwalbar maganin feshi da ta rage daga damina. Ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauko ta. Na ce da a yanke ni in zama kaya a kan matata, gara in huta kowa ya huta. Shaiɗan yana da daɗin baki idan mutum ya gaji.

Abin da ya hana ni, ban iya buɗe murfin da hannu ɗaya ba. Na gwada da haƙori, ya ƙi. Haushi ya kama ni, na yi jifa da ita, na fito ba takalmi. Ban san inda zan je ba, sai na ga ƙafata ta kawo ni nan. Ba kowa a ciki, sai bencuna da rana tana shigowa ta taga. A daidai can, bayan benci na uku, na faɗi.

Ba addu'ar ladabi na yi ba. Faɗa na zo yi. Na ce, "Ubangiji, kamfani ya ce bai san ni ba. Kai ma ba ka san ni ba ne? Ina rera maka waƙa tun ina yaro! Ina kake lokacin da inji ya ci hannuna?"

Na yi kuka har muryata ta dishe. Da na yi shiru, sai wata tambaya ta sauko cikin zuciyata, a hankali, ba tsawa. Wa ke magana? Dauda ne ko Iliya?

'Yan'uwa, na ga kaina sarai. Ina kukan an ƙi sanina, alhali ni na fara ƙin kaina kowace safiya. Ina kukan an zalunce ni, ga mutumin da na cire wa abinci daga baki yana yawo a gari. Na ce, "Yesu, Iliya ne. Iliya maƙaryaci, Iliya mai kai tsegumi. Ka gafarta mini. Idan hannun zai tafi, ya tafi, amma kada in mutu da sunan wani." Abin da ya zauna mini a rai bayan nan ɗaya ne: tashi ka nemi Lawal.

Na ce, "Ubangiji, kowa ban da shi." Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na same shi a kasuwar hatsi yana dakon buhunan masara, mutum mai furfura, gumi ya jiƙa masa riga. Na durƙusa a gabansa cikin mutane. Na ce, "Malam Lawal, ni ne na kai sunanka wurin heluma. Ni na sa aka kore ka."

Ya sauke buhu. Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Kuma sunana ba Dauda ba ne."

Sai ya yi 'yar dariya. "Wannan ma na sani tun makonka na farko. Ai na yi aiki da Dauda." Ya sunkuya ya ɗaga tsumman da ke hannuna, ya yi salati. "Subhanallahi! Bel ɗin nan ne?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "Na ji zafinka, Iliya, ba zan yi maka ƙarya ba. Yarana sun kwana da yunwa saboda kai. Amma ban roƙi Allah ya nuna mini wannan ba. Tashi, hannun nan ba zai jira mu gama magana ba."

Ya bar dakonsa na ranar. Da kuɗin aljihunsa ya biya mana mota washegari zuwa ofishin ƙwadago, inda ya riga ya taɓa kai ƙorafi. Muka samu wata jami'a, Hajiya ce mai gilashi, ba ta da yawan fara'a. Na zayyana mata komai, har da katin, har da ƙaryar babur. Ina jira ta kira ɗan sanda.

Ta ce, "Ka yi kuskure, kuma ka cuci kanka. Amma ka saurara. Doka ta ce wanda ya ɗauki mutum aiki ya ba shi takarda a rubuce kafin wata uku su cika. Kuma wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin magani da diyya, ko lebura ne na wucin gadi. Matsalar ɗaya ce. Za su ce ba ka taɓa yi musu aiki ba. Me kake da shi da zai nuna?"

Na ce ba ni da komai. Malam Lawal ya ce zai yi shaida. Ta ce za su ce korarre ne mai jin haushi. Saura kwana biyu cikin satin likita.

Sai ta ce, "Ranar biya sa hannu kuke yi?"

Na ce, "A'a Hajiya, dangwale muke yi."

"Da wane yatsa?"

Na dubi hannuna. Na dubi yatsu biyun da suka rage.

Ku yabi Ubangiji! Ku dubi nan, ku da ke gaba. Kun ga wannan tabon da ya ratsa babban yatsana? Lauje ne ya yanke ni ina ɗan shekara goma, muna yankan ciyawa a fadamar ƙauyenmu. Duk inda na dangwala, sai farin layi ya fito a tsakiya kamar an ja da zare. Na sha jin kunyar tabon nan. Inji ya cinye yatsu uku, ya bar wanda ke ɗauke da shaidata!

Ran Juma'a da safe Hajiya ta shiga kamfanin da mu. Na aika aka taho da Yaya Dauda daga ƙauye, yana tari, ya ce ko ɗaure shi za a yi sai ya zo. Ta ce a kawo takardun biya na shekara huɗu. Manaja ya fara kame-kame, ta zauna ta ce ba ta sauri. Aka kawo. Ta sa Yaya ya dangwala a farar takarda, yatsa lafiyayye ba layi. Ta ce ni ma in yi. Hannun ya kumbura, taɓa shi kamar taɓa wuta, Malam Lawal ne ya riƙe mini shi ya danna. Na yi ƙara, amma layin ya fito.

Ta fara buɗe shafi. Ga layi. Ta buɗe wani. Ga layi. Wata bayan wata, shekara bayan shekara, sunan Dauda, yatsan Iliya. Ta cire gilashi ta ce wa manaja, "Wannan mutumin da ba ku sani ba, ku kuka riƙa biyan sa duk wannan lokaci. A gaban wa yake dangwalawa?" Heluma ya nemi kujera ya zauna. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa da nasu duka.

A ranar, kafin la'asar, motar kamfani ta kai ni babban asibiti. Likitan da ya yi aikin ya ce da na ƙara kwana biyu, da ba abin da zai iya yi.

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Yatsu uku ba za su dawo ba. Diyyar ma rabi aka ba ni, ana ta kai da kawowa a kan sauran. Malam Lawal sai da kakar bana aka mayar da shi, bayan doguwar wahala, kuma watannin da ya rasa ba wanda ya biya shi. Wannan nauyin yana wuyana, ina roƙonku ku riƙa sa shi da iyalinsa cikin addu'a. Amma an mayar da murfin bel. An soke gadon kati, an rubuta kowa da sunansa, an ba mu takarda. Da an saurari mutum ɗaya tun farko, ƙusa huɗu kawai ake buƙata a mayar da murfin, da yau ina tafa muku da yatsu goma.

Ku da ke cikinmu masu gonaki da shaguna, masu ɗaukar 'yan ƙwadago, ina roƙonku saboda Allah, ku biya mutum haƙƙinsa, ku san sunansa. Ƙasa ba ta ci gaba da yatsun talakawa a cikin inji. Ku kuma 'yan'uwana leburori, kada yunwa ta sa ku sayar da sunanku, kada kuma ku sayar da wanda ya tsaya yana magana dominku.

An ba ni aiki a wurin sikeli, inda hannu ɗaya da rabi ya isa. Ranar da na koma, sabon heluma ya buɗe rajista ya kira, "Iliya Bako!" Shiru. Ya sake kira, "Iliya Bako!" Ina tsaye ina waige-waige, ina jiran mai sunan ya amsa. Sai Malam Lawal ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Kai ake kira, bawan Allah."

Na buɗe baki in ce ga ni, kuka ya riga ni. Sai na ɗaga hannun.

Ga shi, 'yan'uwa, ina sake ɗaga shi a gabanku. Wannan hannun da aka ce za a yanke. Idan kana nan yau an ce ba a san ka ba, an rufe littafi a fuskarka, har ka fara kallon abin da na kalla ranar Laraban nan, ina roƙonka ka ajiye shi. Ka zo wurin Yesu da sunanka na gaskiya, ka dogara gare shi. Tun ina ɗan shekara goma ya sa mini alama a yatsa, yana jiran ranar da zan buƙace ta.

Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu da ya san Iliya tun Iliya yana ɓoye kansa. Yabo da ɗaukaka nasa ne har abada. Amin!